Yadda 'Yan Kaka-Gida Na Amurka Suka Ƙwaci Kansu Daga Ingila

Ran 30 ga watan Yuli na shekarar 1619, wakilai 22 suka zauna tare da gwamna da mashawartansa a cikin majami'ar wani ƙaramin gari mai suna Jamestown, a ƙasar Bajiniya. Mutanen ƙauyuka ne suka zaɓe su domin su zo su yi musu dokoki. Wannan ita ce majalisar wakilai ta fari da Turawan Ingila suka kafa a Amurka. Bayan kamar wata guda, wani jirgin ruwa ya tsaya a bakin kogi, gangare da garin, ya sauke baƙaƙen mutane ashirin da 'yan kai waɗanda aka kamo daga wajen Angola, aka yi musayarsu da abinci.

Ya kai mai karatu, ka riƙe waɗannan abu biyu a zuciya, gama tare suka girma kamar tagwaye. Mutanen nan sun yi fiye da shekara 150 suna koyon mulkin kansu kafin su ɗaga bindiga a kan Sarkin Ingila, wannan koyo ne kuwa ya ba su nasara. Amma zauren da suke shawara a ciki, ƙofarsa ba ta karɓi kowa ba.

Zuwan baƙi

Turawan Ingila na farko da zamansu ya ɗore a Amurka sun sauka a Jamestown a 1607, maza da samari ɗari da 'yan kai. Wani kamfani na Landan ne ya aiko su neman zinariya. Zinariya ba su samu ba, sai zazzaɓi da yunwa. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta kusa share su, mutum kamar 60 kaɗai suka rage cikin ɗaruruwa. Taba ce ta cece su. Wani mai suna John Rolfe ya gwada shuka wani iri mai daɗi a 1612, kasuwar Landan ta karɓa, nan da nan kowa ya koma noman taba. Sai dai taba tana cin ƙasa, tana kuma bukatar hannuwa da yawa. Da fari matalautan Ingila ne suke zuwa, su jinginar da kansu shekara huɗu zuwa bakwai a bakin kuɗin jirgi. Kafin ƙarnin ya ƙare, masu gonaki suka juya ga sayen bayi daga Afirka.

Can arewa kuwa wani dalili ne dabam ya kawo mutane. A zamanin nan doka ta tilasta wa kowa bin Ikilisiyar Ingila, wadda sarki ne shugabanta. Wanda ya ƙi zuwa sujada sai tara, wanda ya tara jama'a a gida don addu'a yana iya kwana a kurkuku. A 1620 wani jirgi mai suna Mayflower ya kawo mutum 102 wurin da suka kira Plymouth, da yawansu masu gudun wannan tilas ne. Tun ba su sauka ba, maza 41 suka sa hannu a wata yarjejeniya, cewa su da kansu za su yi dokoki, su kuma bi su. Kafin bazara rabinsu sun mutu. Da ba domin 'yan ƙasa na kabilar Wampanoag sun koya musu shukar masara ba, da sauran ma sun bi su.

A 1630 wata ƙungiya da ake kira Furitan, wato masu son a tsarkake Ikilisiyar Ingila, ta kafa Bostan a ƙasar Masacusets, John Winthrop ne shugabansu. Cikin shekara goma mutum wajen 20,000 suka biyo sawunsu. 'Yan Katolika suka sami mafaka a Maryland a 1634. Ingila ta ƙwace Niyu Yok daga hannun mutanen Holan a 1664. A 1681 William Penn ya karɓi Fensilbeniya daga sarki domin 'yan ɗarikar Kwaka, waɗanda ba sa rantsuwa, ba sa kuma ɗaukar makami. Jojiya ce auta, an kafa ta a 1733. Haka yankunan mallaka suka cika goma sha uku, a jere a bakin Tekun Atilantika.

Yadda suke zaune

A arewa ƙasa duwatsu ce, sanyi kuma da tsanani. Kowane magidanci da 'yar gonarsa, wasu kuma masunta ne, ko masu sassaƙar jiragen ruwa, ko fatake. A tsakiyar gari akwai ɗaki guda. Ran Lahadi a yi sujada a ciki, wata rana kuma a yi taron gari. A taron nan ake zaɓen masu riƙon gari, a yanka haraji, a shirya gyaran hanya, a tsai da albashin malami. Ikilisiya ma haka take: jama'a ne suke kiran fastonsu, babu bishop da zai aiko musu. Da yake suna so kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, sai Masacusets ta yi doka a 1647 cewa duk garin da ya kai gida 50 dole ya ɗauki malamin koyar da karatu da rubutu. Kwalejin Harvard kuwa tun 1636 suka kafa ta. Saboda haka manomi a can yakan iya karanta jarida, ya kuma yi gardama a kan abin da ya karanta.

A tsakiya, wajen Niyu Yok da Filadelfiya, alkama ake nomawa, jama'a kuma gauraye suke: Ingilishi, da Jamusawa, da mutanen Holan, da na Sikotlan da Ayalan. A kudu manyan gandaye ne na taba da shinkafa da baba, bayi ke aiki, attajirai ke mulki.

Kowane yanki yana da majalisarsa da ake zaɓa. A yawancinsu sarki ne ke naɗa gwamna, amma majalisa ce ke yanka haraji, a wurare da dama ma ita ke tsai da albashin gwamnan. Wanda ke riƙe da tukunya kuwa ai shi ake saurara wa. Ga kuma nisa: wasiƙa takan yi kusan wata biyu a teku kafin ta kai Landan, amsa ma haka. Ingila tana da dokokin ciniki da suka ce taba da wasu kayayyaki sai ta tashoshinta za su bi, amma fasa-ƙwauri ya zama ruwan dare, hukuma kuma ta daɗe tana kau da kai.

Tsakanin 1730 da 1750 aka yi wata babbar farkawa ta addini. Jonathan Edwards yana wa'azi a Masacusets, George Whitefield kuma ya zo daga Ingila yana zagaya yankunan, dubban mutane suna taruwa a fili su ji shi. Talakawa da yawa suka bar majami'un da hukuma ke tallafa wa, suka kafa nasu. Mutumin da ya saba auna wa'azin limaminsa, ba zai yi masa wuya ya auna umarnin gwamna ba.

Amma kada mu ɗauka duk lafiya lau aka zauna. Furitan ɗin da suka gudu daga tsanani, su ma sun tsananta. Sun kori Roger Williams a 1635 saboda ya ce hukuma ba ta da iko a kan lamirin mutum, ya kuma ce ƙasar ta 'yan asali ce, sai an saya. Shi ne ya je ya kafa Providence a 1636. Tsakanin 1659 da 1661 an rataye 'yan Kwaka huɗu a Bostan, har da mace, Mary Dyer. Kabilar Wampanoag da ta ciyar da baƙi, a yaƙin 1675 zuwa 1676 aka karkashe ta, aka sayar da wasu bayi. Zaɓe kuwa na namiji ne mai dukiya. Zuwa 1775 jama'ar yankunan sun kai kamar miliyan biyu da rabi, cikin kowane mutum biyar ɗaya bawa ne.

Mafarin rigima

A 1763 Ingila ta gama wani dogon yaƙi da Faransa, ta ci Kanada. 'Yan kaka-gida sun yi yaƙin tare da sojan sarki, sun yi murna, suna fahariya da zamansu talakawan Ingila. Amma yaƙin ya bar wa Ingila bashi mai nauyi, ga kuma kuɗin ciyar da soja wajen 10,000 da ake so a girke a Amurka. Sai hukumar Landan ta ce, tun da domin ku aka yi, ku ma ku kawo naku. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama talakan Ingila ya fi na Amurka biyan haraji nesa ba kusa ba. A shekarar nan kuma Sarki Joji na Uku ya hana su ƙetare duwatsun Appalachia su kama ƙasar 'yan asali, abin da ya ɓata wa masu kwaɗayin fili rai.

A 1765 Majalisar Ingila ta yi Dokar Kan Sarki. Jarida, da takardar kotu, da takardar gona, da lasin, har katin caca, duk sai an biya kuɗin hatimi. Kuɗin ba shi da yawa. Abin da ya tada hankali shi ne wanda ya yanka shi. Suka ce tsohuwar al'adar Ingila ita ce, ba a taɓa aljihun mutum sai da yardar wakilinsa, su kuwa ba su da wakili ko ɗaya a Landan. Yankuna tara suka aika mutane taro a Niyu Yok. Fatake suka daina sayen kayan Ingila, 'yan zanga-zanga suka firgita masu sayar da kan sarkin har suka ajiye aiki. A 1766 aka soke dokar, amma Majalisa ta yi shela cewa tana da ikon yi musu doka a kan kome da kome.

A 1767 ta sa kuɗin fito a kan gilashi, da dalma, da fenti, da takarda, da ganyen shayi. Aka sake ƙaurace wa kayan Ingila. A nan mata suka taka rawa, gama su ne masu cefane. Suka bar shan shayi, suka koma kaɗi da saƙa, har sa tufar gida ya zama abin alfahari. Aka aiko soja Bostan a 1768. Ran 5 ga Maris 1770 taron jama'a ya rutsa wasu sojoji da jifa, suka yi harbi, mutum biyar suka mutu. Cikinsu akwai Crispus Attucks, ma'aikacin jirgi mai jinin Afirka da na 'yan asali. Abin lura a nan, lauyan da ya tsaya wa sojojin a kotu shi ne John Adams, ɗaya daga cikin masu adawa da harajin. An sallami shida cikin takwas. Adams ɗin nan ne daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu.

Ingila ta janye kuɗin fiton duka sai na shayi, ta bar shi domin a san ikonta yana nan. Ran 16 ga Disamba 1773 dubban mutane suka taru a wata majami'a a Bostan suna neman a mai da jiragen shayi inda suka fito. Gwamna ya ƙi. Da dare wasu suka ɓad da kama, suka hau jiragen, suka zubar da akwati 342 a teku. Ingila ta fusata. A 1774 ta rufe tashar jiragen Bostan, ta kuma hana taron gari a Masacusets fiye da sau ɗaya a shekara sai da izinin gwamna. A nan ta taɓa su inda ya fi zafi. Sauran yankuna suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Suka aika wa Bostan abinci, a watan Satumba kuma wakilan yankuna 12 suka haɗu a Filadelfiya.

Tura ta kai bango

Daren 18 ga Afrilu 1775, wayewar 19, soja kamar 700 suka fita daga Bostan domin su ƙwace makaman da aka ɓoye a Concord. A Lexington suka yi kiciɓis da 'yan sa-kai na gari, aka kashe takwas. A hanyar komowa manoma suka yi ta harbinsu daga bayan itatuwa da katangu har ƙofar Bostan. A watan Yuni taron Filadelfiya ya naɗa Joj Washinton, mutumin Bajiniya, shugaban mayaƙa. Duk da haka suka sake aika wa sarki takardar roƙon sulhu. Sarki ya ƙi karɓa, ya yi shela cewa 'yan tawaye ne.

Ba kowa ne ya so rabuwa ba. Kamar kashi ɗaya cikin biyar na Turawan yankunan sun tsaya da sarki. Rigimar ta raba gidaje: Benjamin Franklin yana gaban masu neman 'yanci, ɗansa William kuwa gwamnan sarki ne a Niyu Jasi, ba su ƙara komawa kamar dā ba. Ta raba ikilisiya kuma. Limaman Angalika sun yi wa sarki rantsuwar biyayya ranar naɗinsu, da yawansu suka gwammace rufe majami'a da su daina yi masa addu'a. Jon Wesli ya rubuta daga Ingila a 1775 yana jan kunnen masu tawaye. Masu goyon sarki suna kafa hujja da Romawa sura 13, masu neman 'yanci suna tuna wa jama'a Fir'auna da Isra'ilawa. A Janairu 1776 Thomas Paine ya buga wata ƙasida cikin harshe mai sauƙi, ya jawo gargaɗin Sama'ila ga Isra'ilawa sa'ad da suka nemi sarki, ya ce sarautar gādo kanta ita ce cutar. Aka yi ta karanta ta a kasuwa da sansanin soja, zukata suka juya. 'Yan Kwaka kuwa yawancinsu suka ƙi yi wa kowa yaƙi, suka sha zargi daga ɓangarorin biyu.

Ran 4 ga Yuli 1776 taron ya amince da takardar shelar 'yancin kai, wadda Tomas Jefasan ya tsara. Ta ce Mahalicci ya yi mutane daidai, ya ba su haƙƙoƙin da ba mai ƙwacewa, hukuma kuma daga yardar talakawa take samun iko. Mutum 56 suka sa hannu, har da fasto guda, John Witherspoon. Kowannensu ya san in aka ci su da yaƙi igiya ce ke jiransa.

Da fari kashi suka sha. Ingila ta kama Niyu Yok a 1776, ta kama Filadelfiya a 1777. A hunturun da ya biyo, mayaƙan Washinton suka yi zango a Valley Forge, wasu ba takalmi ba bargo, cuta ta kashe wajen 2,000. Dabarar Washinton ita ce kada ya bari a hallaka rundunarsa, gama muddin tana nan, Ingila ba ta ci ba. Turawan sarki suna iya kama birni, amma da sun juya baya sai kwamitocin gari da 'yan sa-kai su koma riƙon ƙasa. Wannan ita ce ribar taron gari: sa'ad da gwamnonin sarki suka gudu, akwai mutanen da suka riga suka san yadda ake tara haraji da tsare doka.

A Oktoba 1777 wata rundunar Ingila ta soja kusan 6,000 ta miƙa wuya a Saratoga. Ganin haka Faransa, wadda ke da tsohon miki, ta shiga yaƙin a 1778 da kuɗi da jirage da soja, Sifen ta biyo a 1779. A 1781 jiragen Faransa suka toshe teku, Washinton da sojan Faransa suka kewaye Janar Cornwallis a Yorktown, ya miƙa wuya ran 19 ga Oktoba. Yorktown ba ta da nisa da Jamestown inda aka fara. A yarjejeniyar Faris ta 1783 Ingila ta yarda da 'yancin Amurka, iyakarta Kogin Misisifi. A watan Disamba Washinton ya je gaban majalisa, ya mai da takardar naɗinsa, ya koma gona. Mai bindiga da ya ci yaƙi ya miƙa iko ga farar hula da hannunsa, wannan abu ne da tarihi bai cika gani ba. An rubuta tsarin mulki a 1787, aka zaɓe shi shugaba na fari a 1789. A 1791 aka ƙara sharaɗin da ya hana hukumar tarayya kafa addinin gwamnati ko hana mutum bin nasa.

Waɗanda aka bari a ƙofa

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jefasan da ya rubuta cewa mutane daidai suke, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon ransa. Washinton ma mai bayi ne. 'Yan asalin ƙasa da yawa sun goyi bayan Ingila domin sun san wanda ke kwaɗayin gonakinsu. A 1779 sojan Amurka suka ƙone garuruwan Iroquois wajen 40, yarjejeniyar Faris kuma ko ambatonsu ba ta yi ba. Mata sai a 1920 suka sami ikon zaɓe a ƙasar duka.

Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Bayi sun ji abin da aka shelanta. A 1781 wata baiwa a Masacusets, wadda daga baya ta ɗauki sunan Elizabeth Freeman, ta kai ƙarar ubangijinta, ta kuwa ci shari'a. Jihohin arewa suka shiga kawar da bauta sannu a hankali. A kudu ta ƙara kafuwa, sai da aka yi yaƙin basasa kafin a soke ta a 1865.

Wasu bayin kuma ta wata ƙofa suka fita. Tun 1775 gwamnan sarki a Bajiniya ya yi alkawarin 'yanta bawan ɗan tawaye in ya zo ya taimaki Ingila, dubbai kuwa suka gudu zuwa sansanin sarki. Bayan yaƙi aka kwashe wajen 3,000 daga Niyu Yok zuwa Nova Scotia a Kanada. Sanyi da rashin cika alkawarin gona suka dame su, sai a 1792 kusan 1,200 suka ƙetare teku zuwa Saliyo, suka kafa Firitawun, tare da masu wa'azinsu irin su David George. Cikinsu har da Harry Washington, wanda ya tsere daga gandun Joj Washinton kansa. A garin nan ne daga baya Samuel Ajayi Crowther ya yi karatu, a nan kuma mishan James Schön ya fara koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi, kafin su biyu su bi jirgin da ya hau Kogin Kwara a 1841.

Kammalawa

'Yan'uwa, a tarihin nan akwai abin koyi, akwai na tsoro. Mutanen nan sun iya riƙe 'yancinsu domin tun kakanninsu sun saba zama a yi shawara, a ƙirga kuɗin jama'a a gaban jama'a, a koya wa yara karatu. Amma sun ji zafin 'yan kuɗin da aka ɗora wa ganyen shayi, ba su ji zafin sarƙar da ke ƙafar mai yi musu noma ba, jikokinsu ne suka biya bashin da jini. Duk jama'ar da ke kukan an yanka mata abu ba da saninta ba, yana da kyau ta waiwaya ta ga ko akwai wanda ita ma ta bari a tsaye a ƙofar zaure.